Ƙwallon da Ake Runguma Kamar Jariri

Wani dare a zangon karatun da ya wuce, an ɗauke wuta, muna zaune a barandar hostal ana shan iska, sai wani abokin ɗakinmu ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai da kake bin wasannin da ba kowa ke kallo ba, zo ka fassara mana wannan." Bidiyo ne da bai wuce sakan talatin ba. Wani ƙato sanye da hular kwano ya rungumi ƙwallo yana falfala gudu, wani ya biyo shi ta baya, maimakon ya kayar da shi sai ya ɗirka wa ƙwallon naushi. Ƙwallon ta faɗi, mutum wajen takwas suka zube a kanta kamar an watsa wa kaji tsaba, 'yan kallo kuma suka ɓarke da ihu. Abin da kowa yake tambaya shi ne, wai wannan naushin ba laifi ba ne? Ina alƙalin wasa?

Ba laifi ba ne. Hasali ma darasi ne da ake koyarwa, kuma akwai ɗaliban da suka yi suna da shi. Tun daren nan nake bashin bayani, to ga shi na kawo shi mujallarmu, don na san da yawa a cikinmu muna cin karo da irin waɗannan bidiyoyin a TikTok da Facebook, mu yi dariya mu wuce ba tare da mun gane abin da ya faru ba.

Da farko dai, wasan da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa ba namu ba ne na Firimiya da Laliga. Ɗan uwan zari-ruga ne, da hannu ake yinsa, ƙafa sai jefi-jefi. Kuma ba ƙwararru kaɗai ke buga shi ba. Jami'o'i suna da gasarsu ƙarƙashin hukumar NCAA, wadda ma ta girmi gasar ƙwararru ta NFL, don tun 1869 jami'o'in Rutgers da Princeton suka fara karawa. Ranar Asabar ake bugawa, daga ƙarshen Agusta zuwa Janairu. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000. Ka ƙiyasta: ɗalibi sa'anmu, mai shekara ashirin ko ashirin da biyu, wanda yake da lakca ranar Litinin, shi ne mutum dubu ɗari suka zuba wa ido ranar Asabar.

Yadda wasan yake a taƙaice: mutum sha ɗaya-sha ɗaya. Tsawon filin yadi 100 ne, da gida mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Ɓangaren da ke da ƙwallo yana da dama huɗu ya matsa gaba yadi goma. In ya cika, a sake ba shi huɗu. In ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo a hannu ya ci maki shida, shi suke kira tacdawun. In aka buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin turaku, maki uku. Wanda yake karɓar ƙwallo a farkon kowace dama, ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu, shi ne kwatabak; ni dai madugu nake ce masa, don shi ke jan ayarin.

To ina matsalar suɓutar ƙwallo? Mu da muka saba da tamaula, a ƙwace maka ƙwallo ba wani abu ba ne, a minti ɗaya sai ta canza ƙafa sau biyar. A can ba haka ba ne. A wasa guda kowane ɓangare yana samun ƙwallo wajen sau goma sha biyu ne, ko ƙasa ko sama kaɗan. Ka ɗauka kamar kwas ne mai tambaya goma sha biyu. Duk wanda ya bari ƙwallo ta suɓuce abokan hamayya suka ɗauka, ya yaga tambaya ɗaya daga takardarsa, ya kuma ƙara wa abokin takararsa ɗaya, sau da yawa a wuri mai kyau kusa da gida. Asara biyu ce a lokaci ɗaya. Wannan suɓutar ita suke kira fambul.

Akwai ƙa'ida da ya kamata a riƙe, don a kanta ake yawan gardama. A gasar jami'o'i, da zarar wani sashe na jikin mai ƙwallo ya taɓa ƙasa, ban da tafin hannu da ƙafa, to an gama wannan damar, ko da babu wanda ya taɓa shi. Gwiwa, gwiwar hannu, kafaɗa, duwawu, duk ɗaya ne. In gwiwarka ta riga ta sauka sannan ƙwallo ta fita, babu komai, taku ce. In ta fara motsi daga hannunka kafin gwiwar ta sauka, ko da ƙiftawar ido ne, ta zama ta kowa. Shi ya sa za ka ga an tsayar da wasa ana ta maimaita hoto a hankali, kamar yadda muke zaman jiran hukuncin na'urar VAR. Ga madugu kuma akwai ƙari: in hannunsa ya riga ya fara tafiya gaba da ƙwallon a riƙe aka buge shi, jifa ce da ba ta isa ba, ba a yi asara ba. In hannun bai fara tafiya gaba ba, fambul ne.

Wani zai ce ashe ƙasa ba ta ƙwace wa mutum ƙwallo. Yawanci haka ne, amma a tambayi mutanen Arkansas. A Nuwamban 1998 suna gaban Tennessee da 24 da 22, saura ƙasa da minti biyu, ƙwallo a hannunsu, abin da ya rage kawai su cinye lokaci. Madugunsu Clint Stoerner ya karɓi ƙwallo ya juya, sai ƙafarsa ta sarƙe da ta ɗan ɓangarensu. Don kada ya faɗi, ya dafa ƙasa da hannun da ke riƙe da ƙwallon. Hannu ba ya cikin abin da ke kashe dama, saboda haka da ƙwallon ta tsaya a ƙasa shi ya wuce, ta zama ta mai rabo. Billy Ratliff na Tennessee ya kwanta a kai. Tennessee ta ci 28 da 24, ta gama shekarar ba a doke ta ba, ta ɗauki kofin ƙasa. Babu wanda ya naushi ƙwallon, babu wanda ya fizge ta.

Yanzu bari mu zo kan riƙon kansa, don nan ne ilimin yake. Ƙwallon ba zagayayya ba ce, doguwa ce mai tsini biyu kamar gwanda, tsawonta wajen inci 11, nauyinta ya ɗan haura giram 400, fatarta mai ƙurji-ƙurji don ta kamu. Wanda bai sani ba zai kama ta a tsakiya ya riƙa lilo da ita yana gudu, kamar yadda yaro ke tafe da burodi daga shago. Wannan shi ne riƙon da masu tsaro suke addu'ar gani. Abin da kociyoyi ke koyarwa shi ne ƙwallon ta jingina da wuri biyar a jikinka. Yatsu su rufe tsinin gaba, ba su tsaya a gefe ba. Tafin hannu ya tallafe ta. Gefenta ɗaya ya kwanta a kan sangalin hannu. Tsinin baya ya shige cikin dantse kusa da hammata. Ɗaya gefen kuma ya manne da ƙirji. Sai a ɗaga wuyan hannu ya fi gwiwar hannu tsawo, a matse gwiwar hannun da haƙarƙari, ƙwallon ta zo kusa da haɓa.

Na gwada da robar lemo babba a ɗaki, kuma kowa zai iya gwadawa. Ka riƙe ta ƙasa-ƙasa wajen ƙugu, gwiwar hannu a buɗe, ka ce wani ya buga ta daga baya. Da bugu ɗaya za ta tashi, saboda tsinin baya a fili yake, babu abin da ya tare shi. Ka ɗaga ta sama ka matse, ka ce ya sake. Duk ta inda ya bugo, wani sashe na jikinka yake tura ta zuwa gare shi. Ga 'yan sashen injiniya ma abin a bayyane yake: ƙwallon da ke nesa da jiki ta ba wa mai fizga dogon hannun juyi, wadda ke manne da ƙirji ba ta ba shi komai.

To me ya sa ba kowa ke riƙewa haka ba? Saboda yana rage gudu, ko aƙalla haka mai gudun yake ji. Jikin ɗan Adam yana son ya wurga hannu biyu in yana tsere, kuma in za ka kauce wa mutum da sauri, hannu ne ke buɗewa ya daidaita maka tsayuwa. Ka lura, yawancin fambul ba a lokacin da mutum yake jiran karo suke faruwa ba. Suna zuwa ne lokacin da yake juyi, ko tsallake wani, ko yana ƙoƙarin ƙara yadi ɗaya bayan an riga an riƙe shi, ko ya miƙa ƙwallon gaba don ta taɓa layi. Wato daidai lokacin da yake ƙoƙarin burgewa.

Misalin da aka fi bayarwa na wanda ya gyara riƙonsa shi ne Tiki Barber. Ya yi wasa a Jami'ar Virginia, ya wuce New York Giants, gwani ne wajen gudu amma hannunsa kamar rariya: daga 2000 zuwa 2003 ƙwallo ta suɓuce masa sau 35. A 2004 sabon koci Tom Coughlin ya zo ya tilasta masa ya ɗaga ƙwallon sama ya manna da ƙirji. A shekara uku da suka rage masa, sau 9 kacal ta suɓuce, kuma a waɗannan shekarun ne ya fi cin yadi a rayuwarsa. Ke nan maganar cewa riƙon kirki yana hana gudu ba ta tsaya ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne mutumin ya kusa shekara talatin sannan ya sake koyon abin da yake ganin ya iya tun yana yaro.

Akwai sauran ƙananan dokoki. Ƙwallo tana zama a hannun da ke wajen layin gefe, don jikinka ya shiga tsakaninta da masu tsaro, in ma ta faɗi ta gangara waje, ta zauna a hannunku. Ba a sauya mata hannu a cikin cunkoso. In za ka kutsa tsakiyar ƙattai, hannu na biyu ya rufe ta sama. A wajen atisaye akan jera 'yan wasa layi biyu, mai ƙwallo ya ratsa tsakiya kowa yana kai mata duka; akan jiƙa ta da ruwa don a saba da ranar damina. Wasu kociyoyin ma sukan ɗora wa mai yawan yarwa ƙwallo ya riƙa yawo da ita cikin makaranta, aji da ɗakin cin abinci, abokan wasansa suna da izinin buge ta duk inda suka gan shi. An nuna haka a wani fim na 1993 mai suna The Program. Na yi tunanin a ce a nan ne, mutum ya shiga lakcar ƙarfe takwas rungume da ƙwallo, wallahi kafin azahar ya samu sunan da zai bi shi har bautar ƙasa.

Kada wannan ya zama abin dariya zalla. Da yawa daga cikin yaran nan da tallafin wasa suke karatu, kuma tun Yulin 2021 an ba su damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A bayan kowane mai gudu akwai mutum uku ko huɗu a benci suna jiran gurbinsa. Koci zai iya haƙuri da wanda ba shi da sauri sosai, amma da wuya ya ci gaba da miƙa ƙwallo ga wanda bai yarda da hannunsa ba. Fambul biyu a wasa ɗaya sun isa su mayar da mutum benci, kuma wanda ke benci masu neman 'yan wasa na NFL ba sa ganinsa.

Mu juya ɓangaren masu ƙwace. Dokar farko a wajensu ita ce na farko ya kama mutum, na biyu ya nemi ƙwallo. Dalili kuwa, in kai kaɗai ne tsakanin mai gudu da gida, ka bar jikinsa ka kai wa ƙwallo hannu ka kuskure, shi ke nan ya wuce, maki shida. Amma in wani ya riga ya rungume masa ƙafafu, ya tsaya cak yana kokawa, hankalinsa na kan ƙasa, to na biyu da ya iso aikinsa ƙwallo ne. Ko ya cusa hannu ƙarƙashin tsinin ya fizgo kamar mai tayar da janareto, ko ya saro ta daga sama da gefen hannu kamar mai faskare, ko ya naushe ta.

Naushin nan da muka gani a bidiyo yana da uba. Charles Tillman, wanda ake wa laƙabi da Peanut, ya fito daga Jami'ar Louisiana da ke Lafayette, ya yi shekaru a Chicago Bears. Shi ya mayar da naushin ƙwallo sana'a har aka sa wa salon sunansa. A rayuwarsa ta ƙwararru ya zubar wa mutane da ƙwallo sau 44, goma daga ciki a 2012, huɗu a wasa ɗaya da Tennessee Titans. Sirrin ba ƙarfi ba ne. Gajeren naushi ne, kamar na ɗan damben da ya iya auna tazara, ana kai shi daidai fatar ƙwallon da ke leƙowa, yayin da ɗaya hannun yake riƙe da mutumin don ko an kuskure ba a yi biyu babu ba. Yau da wuya ka ga jami'ar da ba ta koyar da shi. Sai dai a kiyaye, ƙwallo ake nausa. In hannun ya sauka a fuska ko wuyan mutum, hukunci ne. Haka nan tsohuwar dabarar sunkuyar da kai a soki mutum da ƙoƙon hular kwano ta zama haɗari biyu: ga karayar wuya, ga kuma dokar da tun 2013 take korar ɗan wasa daga fili in ya yi irin wannan sukar.

Wanda ya fi kowa zama cikin haɗari shi ne madugu. Ƙwallon tana hannunsa ɗaya, a ɗage, nesa da jiki, idonsa yana can gaba yana neman wanda zai jefa wa. In na-dama ne, bayansa yana fuskantar hagu, ba ya ganin mai tahowa ta nan. Mai tsaron da ya zagayo ta wannan gefen ba ya ma bukatar kayar da shi, ya sari hannun kawai. A nan muna da namu. Osi Umenyiora, wanda aka haifa a Landan, iyayensa 'yan Najeriya, ya yi yarintarsa a Najeriya kafin ya tafi Alabama, ya yi wasa a Jami'ar Troy, ya ɗauki kofin Super Bowl sau biyu da Giants. A 2010 kaɗai ya zubar da ƙwallo daga hannun mutane sau goma, mafi yawa da irin wannan saran.

Na baya-bayan nan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 10 ga Janairun 2025, wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Ohio State da Texas. Ohio State na gaba 21 da 14, saura minti biyu da 'yan kai, Texas na yadi takwas daga gida, dama ta huɗu. Madugun Texas, Quinn Ewers, ya ja baya zai jefa, Jack Sawyer ya zagayo ya buge ƙwallon, ta yi tsalle ta dawo masa hannu, ya ruga yadi 83 ya shiga gida. Aka tashi 28 da 14, Ohio State ta je ta ɗauki kofin. Abin da ya ƙara wa labarin gishiri: a 2021 Ewers a Ohio State yake, kuma shi da Sawyer ɗaki ɗaya suke kwana. Duk wanda ya taɓa raba ɗaki da wani a hostal ya san wannan magana ba za ta mutu ba har tsufa.

Akwai kuma ƙwacen da ba naushi ba sara, zuciya ce kawai. Ranar 1 ga Janairun 1993 a wasan Sugar Bowl, Lamar Thomas na Miami ya cafe jifa ya miƙe sai gida, kowa ya sallama. George Teague na Alabama ya bi shi, ya cim masa, ya zare ƙwallon daga hannunsa ta baya suna cikin gudu, ya juya da ita. Abin mamaki, a takarda wannan ƙwacen bai ma faru ba, don an riga an kama wani ɗan Alabama da laifin tsallake layi kafin a fara, aka soke damar. Amma da Teague bai bi shi ba, Miami za ta yafe laifin ta karɓi makinta shida. Sai ta ƙare da yadi biyar. Alabama ta ci 34 da 13. Bayan shekara goma Miami ta sake gamuwa da irinsa a wasan ƙarshe na Fiesta Bowl: Sean Taylor ya tare jifar Ohio State yana komowa da ita, Maurice Clarett, ɗan aji ɗaya, wanda aikinsa gudu da ƙwallo ne ba tsaro ba, ya bi shi ya murɗe ta daga hannunsa. Mai tsaro bai saba riƙon ƙwallo ba, da ya samu sai ya riƙe ta yadda ya ga dama, kuma masu wayo sun san haka.

Da zarar ƙwallo ta taɓa ƙasa, ilimi ya kusa ƙarewa. Saboda siffarta, ba wanda ya san inda za ta yi tsalle. Masu bin alƙaluman wasan sun daɗe da lura cewa zubar da ƙwallo gwaninta ce da ake koya, amma wanda zai tsince ta kusan rabi da rabi ne, ƙungiyar da ta yi sa'ar tsintuwa bana ba lallai ta yi baɗi ba. Abin da ake iya koyarwa kaɗan ne: in akwai mutane kusa, ka kwanta a gefenka ka naɗe ƙwallon da ciki da cinya kamar ɗan tayi, kada ka faɗa mata da ƙirji don za ta tsirge ta gefe. In fili a buɗe yake, ka durƙusa ka kwashe ta da hannu biyu ka ruga. Kwaɗayin rugawa a inda ya kamata a kwanta ya sa ƙungiyoyi da yawa sun mayar wa masu ita. Kuma in ka kwasa, don Allah ka duba gabas da yamma. A wasan Rose Bowl na 1929, Roy Riegels na California ya tsinci ƙwallo, aka juya shi a cikin turmutsutsu, ya zabga gudu fiye da yadi 60 zuwa gidansu, ɗan ɓangarensu Benny Lom yana binsa yana ihu har ya tsayar da shi dab da layi. Maki biyun da Georgia Tech ta samu sanadin haka su suka raba gardama, 8 da 7. Kusan shekara ɗari ke nan, har yau da wannan ake tuna shi.

Akwai wata doka da nake ganin ta yi tsauri. In ƙwallo ta suɓuce maka ta fita ta layin gefe, taku ce. Amma in ta suɓuce dab da gidan abokan hamayya, ta gangara cikin gidan ta fita, an ba su ita a kan yadi 20, alhali ko taɓa ta ba su yi ba. Bambancin 'yan inci ne tsakanin maki shida da asarar komai. Shi ya sa kociyoyi da yawa suke hana miƙa ƙwallo gaba a bakin layi sai in dama ta huɗu ce. Wasu kuma ba miƙawa ce ke cin su ba, murna ce. A Nuwamban 2014 Kaelin Clay na Utah ya tsere wa kowa, ya saki ƙwallon yadi ɗaya kafin layi yana tsammanin ya shiga, ya tafi yana murna da abokansa. 'Yan Oregon suka lura alƙali bai ɗaga hannu ba, Joe Walker ya ɗauka ya ratsa filin baki ɗaya. Maimakon 14 da 0 sai aka koma 7 da 7, Oregon ta ƙare da 51 da 27.

Na bar wanda ya fi ci mini rai a ƙarshe, don ya nuna kare ƙwallo ba aikin hannu kaɗai ba ne. A wannan wasan akwai halastacciyar hanyar kashe lokaci: madugu ya karɓi ƙwallo ya durƙusa a gwiwa ɗaya, dama ta mutu, agogo ya ci gaba da tafiya, kuma kuna da sakan 40 kafin a tilasta muku sake farawa. Ranar 7 ga Oktoban 2023 Miami tana gaban Georgia Tech 20 da 17, saura ƙasa da sakan 40, ƙwallo a hannun Miami, Georgia Tech ba ta da sauran damar tsayar da agogo. Durƙuso ɗaya, an tashi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ko yaro ya san wannan. Sai aka ba da umarnin a miƙa wa Don Chaney ya yi gudu. Aka rufe shi, aka zare ƙwallon, aka duba hoto ana gardamar ko gwiwar hannunsa ta riga ta sauka, hukunci ya tsaya a kan fambul. Georgia Tech ta ci yadi 74 cikin abin da bai kai rabin minti ba, Haynes King ya jefa wa Christian Leary daga yadi 44, aka tashi 23 da 20.

A takardar alƙaluma sunan Chaney ne ke ɗauke da fambul ɗin. Ni dai ban ga laifinsa ya kai na wanda ya aike shi ba. Masu tsaron Georgia Tech su sha ɗaya sun san ba abin da zai cece su sai ƙwallon, babu mai sha'awar kayar da shi, kowa hannunsa yake nema, kuma ko riƙon wuri biyar ɗin yana da iyaka in mutum uku suna fizga. Kocin Miami, Mario Cristobal, ya fito ya amsa cewa durƙusawa ya kamata su yi. Sai dai ba shi ne karon farko ba. A 2018, yana kocin Oregon, suna gaban Stanford saura ƙasa da minti ɗaya, aka miƙa wa mai gudu ƙwallo, ta suɓuce, Stanford ta farke, ta cinye su 38 da 31 a ƙarin lokaci.